Abuja Biyu da Duwatsun da Suka Kewaye Su

Gabatarwa

Duk wanda ya bi tarihin manyan garuruwan ƙasar Hausa zai lura cewa da yawansu a gindin dutse suka fara. Kano ta tashi ne a kewayen Dala da Gwauron Dutse. Zazzau ta zauna a Turunku da Kufena kafin ta tabbata a inda Zariya take a yau. Kwatarkwashi kuwa har gobe tana ƙarƙashin dutsenta. Dalilan haka ba ɓoyayyu ba ne. Dutse mafaka ne ranar yaƙi, ruwa ba ya saurin ƙafewa a gindinsa, a wasu wuraren akwai tama ta maƙera, sa'an nan mutanen da suka gabata sun ɗauka cewa a nan iskoki suke zaune. Saboda haka idan Bakano ya je babban birnin tarayya ya ga duwatsu sun yi masa zobe, bai kamata abin ya zame masa baƙo ba.

Tun daga 1991, lokacin da gwamnatin tarayya ta tare a Abuja, mutanen yankinmu na Unguwar Gano da Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni suke zirga-zirga a kan wannan hanya. Da farko neman aiki ne, da bin takardun fansho, da fatauci. Daga baya sai aka sami masu zuwa don yawon buɗe ido kawai, musamman makarantu masu kai ɗalibai lokacin hutu. Na sha zuwa Abuja a bakin aiki, na kuma koma a matsayin maziyarci bayan na ajiye aiki. Abin da na lura da shi shi ne, yawancin masu zuwa gine-gine kawai suke kallo su dawo. Suna wuce garin da ya mallaki sunan Abuja shekara kusan 150 kafin a aza tubalin sabon birnin, ba tare da sun san sun wuce shi ba. Wannan maƙala an rubuta ta ne domin malaman makaranta da dattawa masu sha'awar tarihi, waɗanda wata rana za su iya samun kansu a gaban yara a gindin waɗannan duwatsu, ana jiran su ce wani abu.

Daga Unguwa Uku Zuwa Zuma

Tafiyar ta ɗara kilomita 400. Mota tana tashi daga tashar Unguwa Uku, ta bi titin Zariya ta Kura da Kwanar Ɗangora, ta ratsa Zariya da Kaduna, sa'an nan ta miƙa kudu ta Rijana da Katari da Jere. Daga 2016 an sami jirgin ƙasa tsakanin Rigasa a Kaduna da Idu a Abuja, kuma mutane da yawa sun koma gare shi saboda masu garkuwa da mutane da suka addabi wannan hanya, ko da yake shi ma jirgin an kai masa hari ranar 28 ga Maris, 2022. Sai dai jirgin ba ya bi ta Suleja, don haka mai neman tarihi mota ce tasa, kuma tafiyar rana.

Bayan an wuce Jere ƙasa takan fara sauyawa. Shimfiɗaɗɗen filin da idon Bakano ya saba da shi sai ya koma tudu da kwari, itatuwa su yi duhu, duwatsu su riƙa leƙowa ɗaya bayan ɗaya. A wannan yanki ne ake wuce wani gari mai suna Sabon Wuse. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan suna, za mu komo kansa. Ba a daɗewa kuma sai dutsen Zuma ya tare gaba, kamar an kifa ƙatuwar ƙwarya baƙa a tsakiyar fili.

Tsayin Zuma daga ƙasan da yake kai ya kai kimanin mita 300, idan kuwa aka auna daga gaɓar teku mita 725 ne. Dunƙulen dutse ne guda ɗaya, gefunansa a miƙe, ruwan sama ya yi masa zane-zane fari da baƙi daga sama har ƙasa. A jikinsa akwai wasu ramuka da tabo da suke kama da idanu da hanci da baki, abin da direbobi ba sa gajiya da nuna wa fasinja. Mutane da yawa suna zaton a cikin birnin tarayya yake, alhali kuwa yana cikin Jihar Neja ne, kusa da Madalla. Ko Babban Bankin Nijeriya sai da ya faɗa wannan rami. Da aka fito da takardar naira 100 a 1999 an sa hoton dutsen a bayanta tare da sunan Abuja, daga baya aka cire sunan.

Mutanen Koro da Gbagyi, waɗanda mu Hausawa muke kira Gwari, su ne maƙwabtan dutsen tun fil azal. An ruwaito cewa a da kurmi ne mai duhu ya kewaye shi, a cikin kurmin akwai ƙauyen Koro wanda shugabansa shi ne mai kula da tsafin dutsen, kuma baƙo ba ya kusantar wurin. Akan yi masa yanka da baƙin sa da baƙin bunsuru da baƙin kare. Malamin da ya karanta Tarihin Kano zai ji kamar ya taɓa jin wannan labari, domin irin baƙaƙen dabbobin da aka ce ana kai wa Barbushe a gindin Dala ke nan saboda Tsumburbura. Bambancin shi ne, a Kano Musulunci ya kawar da wannan al'ada tun ɗaruruwan shekaru, a Zuma kuwa ta kai har zamanin Turawa. Wani otal da aka fara ginawa kusa da dutsen ya shafe shekaru aru-aru ba a gama shi ba, jama'a suka ce aljanun dutse ne suka hana. Ni dai da na yi aikin gwamnati na san irin aljanun da suke hana a gama kwangila, kuma ba a cikin dutse suke kwana ba.

Makau da Abu Ja

Daga Zuma zuwa Suleja 'yar tafiya ce kaɗan, kuma a nan ne tarihin yake. Lokacin da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya iso Zazzau, Muhammadu Makau ɗan Isiyaku Jatau ne yake sarauta. Malam Musa, wanda ya karɓo tuta, shi ya ci birnin. Marubutan tarihin Abuja sun sa wannan a 1804, amma masu bincike na baya sun fi karkata ga ƙarshen 1808. Ruwayar mutanen Abuja ta ce Makau yana filin idi a bayan gari aka auka masa, bai sami damar komawa cikin ganuwa ba. Ya yi kudu da jama'arsa ta Kauru da Kajuru, har ya sauka a Zuba, garin Koro da ke kusa da Zuma, wanda dama yana cikin ƙasashen da suke bin Zazzau. Daga nan ya ci gaba da yaƙe-yaƙe, bai taɓa zama wuri ɗaya ya gina birni ba, har aka kashe shi a wajen Lapai a 1825.

Ƙanensa Abubakar, wanda ake kira Abu Ja saboda jan fatarsa, shi ya gaje shi. Ya fahimci cewa komawa Zariya ba mai yiwuwa ba ne nan kusa, don haka a 1828 ya kafa gari a bakin kogin Iku, a gindin duwatsun Abuci, aka kewaye shi da ganuwa. Garin ya ɗauki sunan wanda ya kafa shi, wato Abuja. Ke nan sunan babban birnin Nijeriya laƙabin wani basaraken Bazazzagi ne da aka kora daga gidan ubansa.

Yana da kyau a tsaya a duba halin da wannan ƙaramar masarauta ta sami kanta. Ta arewa akwai Zariya. Ta gabas akwai Keffi da Nasarawa da Jama'a, dukkansu masu biyayya ga Zariya. Ta yamma akwai Lapai da Agaie da Bida, daga baya kuma Kontagora ta taso. Ko ta ina aka juya, masu tuta ne. Abin da ya tsare Abuja shi ne ƙasar kanta. Ƙarfin rundunonin wancan zamani yana kan doki ne, doki kuwa fili yake so. A tsakanin waɗannan duwatsu da kwazazzabai da kurmi, barde ba ya iya sakin linzami, ga ƙudan tsando yana kashe dawaki, ga maharban Gbagyi da Koro da suka san kowane lungu suna jira da kibiya mai dafi. Sarkin Zazzau Yero ya kawo yaƙi a 1893, ya koma ba tare da ya ci garin ba. Shi ya sa mutanen Suleja har yau suke alfahari da cewa ba a taɓa cin garinsu da yaƙi ba kafin zuwan Turawa, kuma sarkinsu yana amsa sunan Sarkin Zazzau kamar yadda na Zariya yake amsawa.

Ba Zazzagawa kaɗai suka yi irin wannan ƙaura ba. Katsinawa sun kafa Maraɗi, Gobirawa sun zauna Tsibiri, Kabawa sun koma Argungu, Daurawa kuma suka rabu zuwa Zango da Ɓaure. Kano ce ba ta sami irin wannan ba, domin Sarki Alwali an kashe shi a Burum-Burum wajen 1807, kuma ba a sake kafa wani birni da sunan gidan Kutumbawa ba. Wannan shi ya sa nake ganin Suleja ta fi muhimmanci ga malamin tarihi na Kano fiye da yadda ake zato. Wanda yake son ya ga kamannin fadar Hausa kafin jihadi, a ƙasar da zai iya zuwa ya dawo cikin kwana biyu, can ne zai je.

Kada kuma a ɗauka zaman Zazzagawa da masu ƙasa duk daɗi ne. Sun dogara da Gbagyi da Koro wajen abinci da mayaƙa, amma sun karɓi haraji a hannunsu, sun kuma kai hari ga garuruwan da suka ƙi bi. Bayan Abu Ja, wanda ya rasu a 1851, ɗan'uwansa Abu Kwaka ya yi sarauta har 1877, kuma a zamaninsa aka buɗe ciniki da Bida da Zariya. Wanda ya biyo baya, Ibrahim ɗan Abu Ja, laƙabinsa Dodon Gwari, kuma laƙabin ya isa bayani. Duwatsun da suka kare Abuja daga Zariya, su ne kuma Gbagyi suke hawa su ɓuya idan Abuja ta taso musu.

A 1902 Turawa suka shiga Abuja, bisa hujjar cewa ana tare fatake a hanyar Lakwaja zuwa Zariya, kuma Sarki Ibrahim ya rasa ransa a wannan rikici. A nan ma labarin ya taɓo Kano. A watan Oktoba na shekarar, Magajin Keffi Ɗanyamusa ya kashe Kyaftin Moloni, jami'in Turawa na wannan yanki, ya gudo Kano, Sarki Alu ya karɓe shi da girmamawa. Wannan karɓa tana cikin hujjojin da Lugga ya kafa ya turo runduna, aka ci Kano ranar 3 ga Fabrairu, 1903.

Yini Ɗaya a Suleja

Maziyarcin da ya shiga Suleja a yau zai fara cin karo da cunkoso. Garin ya cika ya batse da ma'aikata da 'yan kasuwa waɗanda kuɗin haya ya hana su zama cikin birnin tarayya, ga manyan motocin dakon mai saboda ma'ajiyar man fetur da ke kusa. Sai an kutsa cikin tsohon gari wajen fada sa'an nan ake jin an shigo ƙasar Hausa. Sunayen unguwanni da sarautu duk na gida ne, harshen kuma Zazzaganci ne da ya yi zaman shekara 200 a tsakanin Gbagyi da Nupawa. A gefen gari akwai wani wuri a kogin Iku inda ruwa yake faɗowa daga kan duwatsu, ana kiransa Mayanka, domin an ce a nan ake zartar da hukuncin kisa a zamanin da. Na tsaya a wurin da damina, ƙarar ruwa ba ta barin mutum ya ji maganar na kusa da shi, kuma ban ga wani allo ko rubutu da zai gaya wa baƙo abin da wurin yake ba.

Abin da ya fi daraja a Suleja ba gini ba ne, tsarin sarauta ne. Makau ya fito da manyan fadawansa, aka sake dasa sarautun Zazzau a sabon wuri kamar yadda suke: Madawaki shugaban mayaƙa, Galadima da Wambai da Dallatu waɗanda a da bābānni ne suke riƙe su, sai sarautun mata irin su Iya da Sarauniya, da na malamai irin su Magajin Malam. Da wani masanin zamantakewa, M. G. Smith, ya tashi rubuta littafinsa kan mulkin Zazzau daga 1800 zuwa 1950, wanda aka buga a 1960, da tsarin Abuja ya yi amfani wajen gano yadda gwamnatin Zazzau take kafin jihadi. Ya kuwa dogara ƙwarai da aikin 'yan gari biyu, Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi, waɗanda suka rubuta tarihin garinsu da al'adunsa da Hausa, Frank Heath ya fassara shi zuwa Turanci aka buga a Ibadan a 1952. Kamata ya yi a ce kowace makarantar sakandare a Kano tana da kwafin wannan littafi.

Marubutan nan biyu 'yan'uwan Sarki Sulaimanu Barau ne, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya koyar a makaranta kafin ya hau gado, kuma ana lissafa shi farkon sarkin Arewa mai ilmin zamani. A fadarsa ne wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya ga tukwanen wata mata Bagwariya daga ƙauyen Kwali, waɗanda Sarki yake tarawa saboda kyansu. Cardew ya buɗe makarantar koyon ginin tukwane a Abuja a farkon shekarun 1950, matar nan kuma, Ladi Kwali, ta shiga a 1954, ita ce mace ta farko a wurin. Tukwanenta masu zanen kada da ƙadangare da kunama da kifi sun kai Ingila da Amurka, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Makarantar tana Suleja, an sa mata sunanta, sai dai ta sha fama da rashin kulawa. Idan malami yana son ya ja hankalin yara, ya fito da takardar naira 20 daga aljihu. A gabanta Janar Murtala Muhammad ne, a bayanta Ladi Kwali ce tana gina tukunya. Tsohuwar Abuja da sabuwa ke nan a takarda ɗaya.

Yadda Suna Ya Ƙaura

Janar Murtala, ɗan Kano, Allah ya jiƙansa, ya hau mulki a ƙarshen Yulin 1975. A watan Agusta ya kafa kwamiti a ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda, wanda Tai Solarin yake cikinsa, domin a duba ko Ikko za ta ci gaba da zama hedikwatar tarayya. Ikko ta cushe, ruwa ya tare ta, tana kuma can gefe guda na ƙasa, ga raunin yaƙin basasa bai gama warkewa ba. Kwamitin ya ba da shawarar a koma tsakiya. Ranar 3 ga Fabrairu, 1976, shekara 73 cif da faɗuwar Kano a hannun Turawa, Murtala ya sanar da sabon wurin, aka kafa Doka ta 6 ta wannan shekara. Bayan kwana 10 aka kashe shi a Ikko, bai ga ko tubali ɗaya na birnin ba.

An yanko fili mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 8,000 daga jihohin Neja da Filato da Kwara, kaso mafi tsoka daga ƙasar masarautar Abuja. Garin Abuja kansa an bar shi a waje, cikin Jihar Neja, amma aka ɗauki sunansa aka ba sabon birni. Tsohon garin sai aka sa masa Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu, aka bar masa “ja” ɗin Abu Ja. A shekarun farko ma a Suleja ma'aikatan hukumar gina birnin suka yi sansani, domin babu wani gari a kusa da zai ɗauke su. Ta ba da ƙasa, ta ba da suna, ta ba da masauki, sa'an nan aka ja iyaka aka bar ta a baya. Dattawan garin ba su manta da wannan ba, kuma a ganina suna da hujja.

Wani rukunin kamfanonin Amurka ne ya zana taswirar birnin, aka miƙa ta a 1979, Kenzo Tange na ƙasar Japan kuma ya tsara tsakiyar gari. Duwatsu ne suka yanke musu siffar da za su bi, shi ya sa birnin ya fito kamar jinjirin wata, ya jingina da dutsen Aso ta gabas ya buɗe hannuwa biyu zuwa yamma. An tsara shi ne domin mutum miliyan 1.6 zuwa shekarar 2000, da fiye da miliyan 3 idan ya kammala. Shugaba Shehu Shagari ya matsa aikin har aka yi bikin 'yancin kai na 1982 a can. Amma abin da ya gaggauta ƙaura shi ne yunƙurin juyin mulki na 22 ga Afrilu, 1990, lokacin da aka kai hari barikin Dodan inda Janar Babangida yake zaune. Ranar 12 ga Disamba, 1991, ya tare a Abuja, a fadar da aka gina a gindin Aso. Dalilin da ya sa Abu Ja ya nemi jikin dutse, shi ne dai ya kai Babangida.

Wuraren da ake kai baƙi sanannu ne, ba sai na daɗe a kansu ba: Masallacin Ƙasa mai ƙubba ruwan zinariya da hasumiya 4, Majalisar Tarayya da Kotun Ƙoli a gindin Aso, Dandalin Mikiya, filin shaƙatawa na Maitama da Sarauniyar Ingila ta buɗe a Disambar 2003, da tafkin Jabi. Aso kansa, mai tsayin kimanin mita 400, daga nesa ake kallonsa saboda tsaro. Wanda yake son ya ga zoben duwatsun sosai, ya nemi tudun Katampe, inda ake cewa nan ne tsakiyar Nijeriya, ko ya fita ta hanyar Bwari zuwa madatsar ruwan Usuma da ƙauyen Ushafa, inda Shugaba Kilinton na Amurka ya ziyarci magina tukwane a Agustan 2000. Da damina, daga Yuli zuwa Satumba, duwatsun sukan yi kore shar, gajimare ya sauko ya zauna a kansu. Da hunturu kuwa hazo yakan shafe su, maziyarci ya yi asarar kuɗin mota.

Na taɓa raka ɗaliban wata makaranta ta unguwarmu irin wannan ziyara. Wani matashi da aka haɗa mu da shi domin ya zagaya da mu ya tsaya a gaban yara ya ce, kafin 1976 babu kowa a nan sai daji da birai. Yara suka rubuta a littattafansu. A lokacin muna tsaye ne a Garki, ƙasa da tafiyar minti 10 daga ƙauyen Garki na asali, wanda mutanensa suke nan da sarkinsu.

Masu Duwatsun

Wannan magana ta matashin ba shi ya ƙirƙire ta ba. Tun a sanarwar 1976 aka bayyana wurin a matsayin ƙasar da ba ta hannun ko ɗaya daga cikin manyan ƙabilun Nijeriya, jama'a kuma suka fassara haka da cewa ba ta kowa ba ce. Alhali akwai ɗaruruwan ƙauyuka na Gbagyi da Koro da Gade da Gwandara da Bassa da Ganagana da Igbira. Sunayen unguwannin da manya suke zaune a yau, Asokoro da Maitama da Wuse da Jabi da Utako, sunayen ƙauyukansu ne. An ce kalmar Aso ma a harshen Gbagyi nasara take nufi.

Niyyar farko ita ce a kwashe kowa a fitar da shi daga yankin. Da masana daga Jami'ar Ibadan a ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje suka yi bincike, sai aka ga mutanen sun fi yadda aka zata yawa nesa ba kusa ba, kuɗin diyya kuma ya fi ƙarfin gwamnati. A 1978 gwamnatin Obasanjo ta sauya shawara, aka ce waɗanda aikin gini ya taɓa kai tsaye su kaɗai za a tayar. Daga nan manufa ta riƙa sauyawa daga gwamnati zuwa gwamnati. Mutanen Wuse aka kai su can kan hanyar Kaduna, wato Sabon Wusen da muka wuce da safe. Wasu aka kai su Kubwa, wasu suka ƙetara Jihar Nasarawa ta yanzu. Bakanon da ya sauka kasuwar Wuse ya sayi atamfa, ya riga ya wuce masu Wuse tun kilomita da yawa a baya. Har yanzu 'yan asalin yankin suna kukan cewa ba su da gwamna ko majalisar jiha kamar sauran 'yan ƙasa, minista ne da shugaban ƙasa ya naɗa yake mulkinsu.

Su ma duwatsun ba su tsira ba. Tsakuwar da aka gina birnin da ita daga jikinsu aka fasa, musamman a Mpape, inda aka shafe shekaru ana sa nakiya. A Satumbar 2018 ƙasa ta yi motsi a wannan yanki har mutane suka kwana a waje, gwamnati ta dakatar da fasa dutse na wani lokaci. Wani tsohon ramin fasa dutse a can ya cika da ruwa, daga 2020 matasa suka mayar da shi wurin ɗaukar hoto. Mu da muka ga yadda gidaje suka haɗiye gindin Dala, aka kuma ciccinye ganuwar Kano da baduna, ba mu da bakin yi wa kowa dariya.

A cikin ƙabilun da na lissafa akwai wadda ta fi kusa da mu. Gwandara, waɗanda suke zaune a Karshi da kewayenta, a kudu maso gabashin birnin har cikin Jihar Nasarawa, suna cewa daga Kano kakanninsu suka fito. Ruwayarsu ta ce wani ɗan sarki ne ya fita da jama'arsa lokacin da Musulunci ya kafu a fada, domin ba su yarda su bar al'adun iyayensu ba, har ake cewa sunan ya samo asali ne daga “gwanda rawa da salla”. Ko wannan fassara ta suna ta inganta ko ƙirƙirar baya ce, masana harsuna sun tabbatar da cewa a duk harsunan duniya babu wanda ya fi Gwandara kusa da Hausa. Yawancinsu a yau Musulmi ne, kuma sarakunansu suna ambaton Kano a matsayin tushensu. Daga tsakiyar birni ana bi ta Nyanya da Karu ne a kai Karshi, hanyar tana ratsa tsakanin duwatsu, kuma gara a tashi da hantsi bayan cunkoson masu shigowa aiki ya lafa. Na zauna da wasu dattawa a can, suna magana a tsakaninsu da harshensu, ina tsintar kalma ɗaya a nan, biyu a can, kamar mai sauraron rediyon da tasha ba ta kama sosai ba. Da na gaya musu daga Kano nake, tambayar da suka fara yi mini ita ce ko har yanzu ana hawa Dala.